Taken Gana Ba Sallama

Ya Fanna tana auna wa wata mata busasshen tattasai a kasuwar Diffa sa'ad da ta fara jin abin. Daga rumfar Abdoul Razak mai sayar da kaset ya fito. Jita tana kuka kamar akuyar da aka taka wa wutsiya, wani yaro yana waƙa da Hausa yana cusa Faransanci a ciki, sai ga ganga ta shigo daga ƙasan duk wannan hayaniyar. Hannunta ya tsaya da tiya a cikin buhu. Ta san gangar nan. Ta waiga inda ɗanta Gana yake zaune bisa tabarma yana ware tattasai mai kyau da mai tabo, ta tarar har ya miƙe.

Ya tuɓe rigarsa, ya ninke, ya ajiye. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu. Sannan ya buɗe hannuwa ya shiga tsakiyar kasuwa yana taku a hankali, yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Gana! Zo nan ka zauna!"

Bai ji ta ba. Wani ɗan dako ne ya gitta da buhun albasa a ka. Gana ya cafke shi ta ƙugu, ya ɗaga, ya kwantar da shi bisa albasar tasa. Kasuwa ta ɗauki dariya da sowa. Ya Fanna da maƙwabciyarta A'i mai daddawa suka riƙo shi, ɗaya ta nan ɗaya ta can, da ƙyar suka kai shi gida. A gida ma bai zauna ba. Ya wuni tsaye a tsakar gida ba riga, bai ci ba, bai sha ba, sai da ya gaji ya faɗi don kansa.

Wanda bai tashi a bakin gulbin Komadugu ba sai an gaya masa. A ƙauyukansu na wajen Tumur, ɗan kokawar da ya yi suna makaɗinsa yakan yi masa take, nasa ne shi kaɗai kamar sunan yanka. Take kuma biyu ne a haɗe. Akwai kira: in aka kaɗa, ko tuwo mutum yake ci sai ya tsame hannu ya fita fage. Akwai sallama: in an gama, makaɗi ya sassauta hannu, ya yi bugu mai nauyi a hankali, na ƙarshe ya danne fatar da tafinsa har ƙarar ta mutu. Nan ɗan kokawa yake kwance layunsa, ya sha ruwa, ya koma mutum kamar kowa. Ba a kiran namiji a bar shi tsaye. Ko ƙaramin yaro a can ya san wannan.

Kalli mai ganga ne ya yi wa Gana nasa. Da shi Gana ya bi ƙauyukan bakin gulbi kaka bayan kaka, yana kayar da ƙattin mutane, har na ƙetaren ruwa suna hawo kwalekwale don su gan shi. Ba ɗan kokawa ne ya kayar da shi ba, kamyo ne, babbar motar kaya. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ya hau saman lodin tattasai za shi Damagaram, motar ta faɗa rami, ya sauko da ka. Ya yi watanni a gidan likita. Da ya dawo, jikin na nan, mutumin ciki ne ya ragu. Ba ya faɗa, ba ya zagi, in ka ba shi aiki zai yi har sai ka ce ya bari. Dangin matarsa suka zo suka tafi da ɗiyarsu. Kalli ya rantse ba zai ƙara kaɗa taken ba, bai kuwa ƙara ba har ya mutu. Ya Fanna ta bar gonarta a hannun ƙanenta, ta kwaso ɗanta ta dawo Diffa don ta kasance kusa da magani. Shekaru suna zaune lafiya, ita tana awo, shi yana tsinta.

Sai ga waɗannan yaran makaɗa masu kaset ɗin. Orkes Jan Tattasai suke kiran kansu. Babbansu Soumana, ɗan wani ma'aikaci da aka turo daga Yamai. Aka sake ɗauke uban, shi ya ƙi bin sa saboda jita. Akwai Maikano mai algaita, dattijo da furfurarsa, wanda ya gaji da jiran ranar salla kafin a neme shi. Mai gangarsu kuwa Abatcha ne, ɗan Kalli na cikinsa. Ba su da ubangida, ba wanda ya ɗauki nauyinsu. Da abin da suka tara a gidajen biki suka tafi Maiduguri suka yi kaset. Jitar Buzaye ce a ciki, da kiɗan nan na masu dogon gashi da ake ji a rediyo, da algaita da gangar Barebari, duk a tukunya guda. Waƙar farko a kaset ɗin, bisa taken Gana aka ɗora ta. Ita kuma mutane suka so.

Kafin tattasan bana ya bushe, ba inda ba a jin ta. Masu shayi, masu aski, tasha, motocin kai amarya. Ya Fanna ta koma ba ta awo sai da kunne ɗaya a waje. Wata rana ta je zagayawa, ta dawo ta tarar da riga a ninke bisa tabarma. A bakin tasha aka same shi. Ya kama wani soja baƙo da bai san shi ba, abokan sojan suka taru a kansa, suka fasa masa baki, haƙori guda ya tafi. Wata ranar kuma wani mai keke ne ya wuce da rediyo a rataye, Gana ya bi shi har bakin gulbi. Mai keken ya shiga kwalekwale, Gana ya shiga ruwa. Lokacin Komadugu ya cika. Masunta ne suka jawo shi da ruwa a wuya.

Ranar nan A'i ta ce mata, "Ya Fanna, ki sa masa mari a ƙafa. Ba mugunta ba ne."

"Mari? Ɗana da bai taɓa ɗaukar allurar wani ba? Su masu kiɗan a sa musu mari a hannu. Shi yana zaune ne aka kira shi."

Washegari ta kulle shi a ɗaki, ta ba A'i makulli, ta ja mayafinta ta nufi rumfar kaset.

"Kai, mai hayaniya. Sa mini waƙar nan."

Abdoul Razak ya yi dariya. "Iya, ke ma ta kama ki?"

"Ta kama uwarka. Sa mini daga fari, kada ka taɓa ta sai ta ƙare."

Ta zauna bisa bencinsa ta haɗe fuska. Duk wannan lokacin ba ta taɓa jin waƙar har ƙarshe ba, don kafin a kai tsakiya tana can tana gudu bayan ɗanta. Jita ta yi kukanta, algaita ta amsa, ganga tana kira, tana kira, tana kira. Hannun Kalli ne sak, har wurin da yake ɗan jan numfashi. Ta jira inda zai sassauta. Sai ta ji sautin yana raguwa gaba ɗaya, kamar motar da ta yi nisa, har ya ɓace.

"Batirinka ya mutu."

"A'a, Iya, da kuran nake aiki, wutar lantarki. Nan ta ƙare."

"Ta ƙare a ina? Ina sallamar?"

"Wace sallama? Haka ake yi yanzu, a bar ta ta tafi a hankali."

"Ta tafi ina?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ta miƙa hannu ta zare kaset ɗin daga cikin rediyon, ta ƙulle a bakin zanenta. Ya dubi idonta, ya bar mata shi.

Daga nan wajen mai unguwa ta je. Ya saurare ta, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce yaran zamani ne, a bi su da addu'a. Ta ce addu'a tana yi tun kafin a naɗa masa rawani, hukunci ta zo nema. Ya tura ta wani biro, ofishin gwamnati. A biron ta zauna bisa benci tun hantsi har aka yi azahar, sannan wani mai tabarau ya kira ta ciki.

"Madam, kin ce kiɗan na ɗanki ne. Akwai takarda?"

"Takardar me?"

"Wadda ta nuna nasa ne."

"Ka je Tumur. Duk ƙaton da ka ga yana dafe ƙugu in zai tashi, ka tambaye shi wa ya yi masa haka, da wane kiɗa. Su ne takardar."

Mai tabarau ya yi murmushi, ya ce in maganar hakki ce, ai na makaɗi ne, makaɗin kuma ɗansa na cikin orkes ɗin, saboda haka babu sata. Ta ce ita ba ta ce an yi sata ba, cewa ta yi an kira ɗanta an bar shi tsaye. Ya ce wannan babu shi a doka. Ta miƙe, ta gaya masa abin da take gani game da dokar da Barbarci, ta fita.

Ta yi kwanaki tana juya abin a ranta. Abin da ta yanke bai yi mata daɗi ba, kuma ta san in ya ɓaci ba ta da wanda za ta ɗora wa. Amma ta gaji da yi wa mutane bayani da baki.

Wani tsohon magaza na ajiyar tattasai ne a bayan gari yaran suke haya, nan suke gwajin kiɗansu da la'asar in an kawo kuran. Ta sa wa Gana riga mai tsabta, ta riƙo hannunsa, suka tafi. Tun daga ƙofa ƙaurin tattasai na shekaru yake sa mutum atishawa. Wayoyi ko'ina a ƙasa, manyan akwatunan sauti biyu, tukunyar shayi bisa gawayi. Soumana, dogo siriri da gashi a murɗe, yana gyaran tsirkiyar jita. Maikano yana jiƙa bakin algaitarsa a kofi. Abatcha na zaune da ganga a cinya. Shi ya fara ganin su. Sandar kiɗan ta faɗi daga hannunsa.

"Ya Fanna. Wushe," ya gaishe ta da Barbarci.

"Riƙe wushenka. Ka gane wannan?"

"Na gane shi." Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka kuna Tumur."

"A Tumur kurame ne? Babu rediyo a can?"

Soumana ya ajiye jita ya taso da fara'arsa. "Mama, sannu da zuwa. Ku shigo, ga shayi. Wane ne wannan, Abatcha?"

"Mai taken ne."

"Kai! Shi ne Gana?" Ya miƙa wa Gana hannu biyu. "Babban mutum! Mama, kin san har Yamai ana jin kiɗan ɗanki? Mu fa girmama shi muka yi. Abin da yake mutuwa a ƙauye muka ɗauko muka ba shi rai."

"Buɗe bakinka, Gana." Gana ya buɗe. Ta nuna gurbin haƙorin. "Ga girmamawar. Saura kaɗan kifin Komadugu ya samu nasa rabon."

Ta faɗa musu duka, da ɗan dako, da soja, da mai keke. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Maikano ya ajiye kofinsa yana salati. Soumana ya ce, "Wallahi ba mu sani ba. Amma Mama, rashin lafiya ce. Ko wane kiɗa ya ji zai iya..."

"Shekara nawa yana zaune a kasuwar nan? Wane irin shirme ne ba a sa ba a rumfar can? Ya taɓa ɗaga kai?" Ta juya kan Abatcha. "Kai nake tambaya, ɗan Kalli. Ubanka ya koya maka kira bai koya maka sallama ba?"

"Ya koya mini."

"To tana ina?"

"Na kaɗa ta, Ya. A Maiduguri na kaɗa ta har ƙarshe. Da aka zo haɗawa..." Ya dubi Soumana.

"Ni na ce a cire," in ji Soumana. "Tana kashe rawa. Mutane suna tsakiyar jin daɗi sai abu ya yi sanyi kamar an yi mutuwa."

"Ai don ta kashe aka yi ta, ɗan nema. Wa ya gaya maka rawa ce?"

"Ni kuma na yi shiru," Abatcha ya ce. "Babana ya mutu da take-take a hannunsa, babu wanda ya ɗauka sai ni. Ba mai kirana kokawa yanzu, lasifika suke sawa. Na ce ko rabi ne ya fita duniya ya fi ya ruɓe a cikina."

"Rabin naka ya fita. Bari ku ga inda yake sauka."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro kaset, ta nufi rediyonsu. Ba ta san inda ake dannawa ba, ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya har abin ya kama.

"Ya Fanna, kada ki yi!" in ji Abatcha.

Jita ta fara. Gana yana tsaye inda ta bar shi yana kallon tukunyar shayi. Da ganga ta shigo, kafaɗunsa suka buɗe. Ya tuɓe riga, ya ninke, ya ajiye bisa akwatin sauti. Ya duƙa ya shafi siminti ya murza hannu. Ya dube su ɗaya ɗaya. Ya wuce Maikano, ya wuce Abatcha, idonsa ya tsaya kan wanda ya fi tsawo.

"Mama, ki gaya masa ni ba..."

Soumana bai ƙarasa ba. Ƙafafunsa suka bar ƙasa, gashin nan ya yi sama, sai ga shi kwance bisa tarin tsofaffin buhuna, ƙurar tattasai ta tashi ta cika ɗakin. Kowa ya kama tari. Gana ya ja da baya kamar yadda ake yi a fage, ya tsaya yana jira. Kaset ɗin yana ta kira. Can sautin ya fara raguwa, ya yi nisa, ya ɓace. Gana ya karkata kai yana saurare. Ba abin da ya zo. Ya sake buɗe hannuwa, ya juya. Saura dattijo mai algaita.

"La ilaha illallahu," in ji Maikano, yana ja da baya har ya jingina da bango. "Abatcha! Ɗan banza, kaɗa mana!"

Abatcha ya rarumi sandar. Ya ɗauko kiran daga inda kaset ya yar da shi, ya bi shi kaɗan, sannan ya sassauta hannu. Bugu mai nauyi, a hankali. Wani a bayansa. Na ƙarshe ya danne fatar da tafinsa, ƙarar ta mutu.

Hannuwan Gana suka sauka. Ya shafa damtsensa inda layu suke zama a da, kamar mai kwance su. Ya ɗauki rigarsa ya sa, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa.

"Ya, ruwa."

Ta ɗebo masa a kofin Maikano. Ya shanye, ya dubi Abatcha, ya ce, "Kalli, yau ka daɗe."

Abatcha ya kifa fuska bisa gangar. Ya Fanna ba ta ba shi haƙuri ba. Ta jira Soumana ya gama tari da hawayen tattasai, ya zauna yana dafe da baya.

"Yanzu ka ga takardar da aka tambaye ni a biro. Ina son kaset ɗin nan duka. Na rumfa, na tasha, na cikin motoci. Ku tattaro mini."

"Mama, ko za ki sa ya sake kayar da ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba zai yiwu ba. Mu ɗan kaɗan muka buga. Sauran kowa kwafa yake a shagonsa, har a ƙetaren gulbi. Mu kanmu ba mu san iyakarsu ba." Ya numfasa. "Abin da za mu iya, mu koma mu sake yi da sallamar. Mu bi rumfuna muna ba da sabo muna karɓar tsoho. A wurin wasa kuma ba za mu ƙara yankewa ba."

"Ba alfarma za ku yi mini ba. Za ku yi. Tsofaffin da suka rage fa?"

"Ni zan riƙa zama kusa da ke a kasuwa," in ji Abatcha. "In aka sa, in sallame shi."

"Kai? Ranar da aka kira ku biki a Maine sai ka zauna gadin tattasai? Ka yanke sallama don mutane su yi rawa, ni za ka zauna wa?" Ta zare tiyarta daga cikin jaka, ta kifa a ƙasa. "Koya mini sallamar."

Suka dubi juna. Gidan su Ya Fanna manoma ne kaka da kakanni, ba a taɓa samun maroƙi a cikinsu ba, balle mace. Abatcha ya nuna mata. Hannunta ya saba da taɓarya, bugun bai yi mata wuya ba, dannewar ƙarshe ce ta sha maimaitawa. Amma ya gaya mata gaskiya: tiya ƙarfe ce, ba ta mutuwa in an danne, kuma Gana fata ya sani.

"To. Wannan gangar ta cinyarka, ta ubanka ce?"

"Tasa ce. Da ita ya yi taken."

"Miƙo."

"Mama, da ita muke wasa," in ji Soumana. "Duk sautinmu a kanta yake. Gobe ma muna da..."

"Ku kaɗa tukunyar shayi."

Abatcha ya shafa gangar, ya gyara mata igiya, ya rataya wa tsohuwar a kafaɗa da hannunsa. Ta riƙo ɗanta, suka fito. Haka ta ratsa garin Diffa da la'asar sakaliya, mayafi a ka, ganga a hammata, mutane suna fitowa ƙofar gida suna kallo.

Yaran sun cika alkawari, wannan ba za a hana su ba. Sun ari wata ganga, sun koma Maiduguri, sun bi rumfuna da sabon kaset a kwali. Wasu suka karɓa, wasu suka ce tsohon ya fi zaƙi, suka ɓoye. A gidajen biki kuwa samari suka mai da abin salo: in Abatcha ya danne fata, sai duk masu rawa su zube ƙasa su zauna suna kiran a kawo ruwa. A'i ce ta kawo mata labarin tana dariya. Ya Fanna ba ta ga abin dariya ba.

Ƙanenta ya zo daga Tumur musamman, ya ce ta zubar musu da mutunci, ana cewa ɗiyar gidansu ta zama maroƙiya a birni. Ta ce ya ɗauki Gana ya tafi da shi ya riƙe. Ya sha ruwa ya koma. Matan layin tattasai suka sa mata Sarkin Kiɗa. In ta iso da safe sai wata ta ce, "Sarkin Kiɗa, yau wa za a yi wa?" Ita kuma ta ce, "Mijinki, in ya iya tsayuwa." Ta rataye gangar a jikin ginshiƙin rumfa kusa da buhu, sandar a soke cikin igiya.

Da shekaru suka tura, tsofaffin kaset ɗin suka yi ta cinyewa, aka koma faifai, kiran ya yi wuyar ji. Amma bai ƙare ba. Wata ranar kasuwa Soumana ya zo, ya yi ƙiba, an aske gashin, da wani ɗan akwatin ɗaukar murya a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaida Gana daga ɗan nesa.

"Mama, za mu yi sabon faifai. Muna so a ce sallamar da hannunki aka kaɗa. Mu sa sunanki a jiki."

"Sunana yana jikina. Tashi, ka tare mini masu saye."

Bai kai ga tashi ba sai ga wata tsohuwar motar ƙauye ta kunno kai cikin kasuwa, lodin mutane da awaki, direban ya ƙure rediyo. Tsohon kaset ɗin ne, marar sallama. Gana ya saki tattasan da ke hannunsa, ya miƙe, ya kama bakin riga. Soumana ya yi wuf ya koma bayan A'i.

Ya Fanna ta ajiye tiya, ta sauko da gangar. Ta bi kiran kaɗan, ta sassauta, ta yi bugun nan masu nauyi, ta danne fatar da tafinta. Gana ya saki rigar. Ya zauna, ta miƙa masa butar ruwa, ya sha, ya jawo tarin tattasansa ya ci gaba da ware mai kyau da mai tabo. Ta mayar da gangar jikin ginshiƙi, ta juya ga matar da ke tsaye da kwano.

"Tiya nawa kika ce?"